Duwatsun Hanyar Hama

Tungar Aduwa, ƙasar Tama
27 ga Maris

Zuwa ga ɗiyata Hindatu, wadda nike kira Uwata tunda sunan tsohuwata ta ci.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lahiya, ke da matan da kike karɓa ma haihuwa can Damargu. Mu nan kowa lahiya lau, gwaggonki Zulaiha tana gaishe ki. Kowa, in ban da ni. Wagga takarda rub da ciki nike rubuta ta bisa tabarma, in kin ga layi ya karkace kada ki ga laihin alƙalamin bik.

Ga abin da ya faru. Na taso daga kasuwa bisa Kumandan, jakinmu, na sha hura na ƙoshi, rana kuma ta buge ni, gyangyaɗi ya sace ni. Shi kuwa ya biyo hanyar da ya sani tun shina ƙarami. Ya zo ya iske shingen ƙaya gabansa ya tsaya cak. Ni ban tsaya ba. Na wuce ta bisa kunnuwansa na sauka da mazaunai cikin ƙayar. Isaka wanzami ya cire guda ashirin da bakwai, shina cirewa shina ƙidaya da ƙarhi don ƴan majalisa su ji daga waje. In kin tambaya wane mugu ne ya sa ƙaya bisa hanyar mutane, to, shi ne ke rubuto miki.

Saurara kahin ki yi dariya. Kin san gonar Fako, wadda kakanki ya bar mini saboda sauran magada sun ce ko kuturun bawa ba ya so. Shekara uku ina fasa ta da diga, ina haƙa ramukan tassa ina zuba taki, ina jera duwatsu su tare ruwa. Bara ta ba ni dami sittin. Kin kuma san hanyar ƙafar nan da ta ratsa ta a karkace, daga rugar su Hama zuwa gari. Da can mutane ne da jakkai. Yanzu yaran nan masu moto, wato babur, sun gano ta, sun zurfafa ta, ruwa in ya sauko sai shi bi ta awa an aike shi, shi karya mini jerin duwatsu shi tahi da takina kwazazzabo. Wake kuma duk mai wucewa sai ya gaishe shi da hannu.

Sai na toshe bakinta duka biyu, na share wata sabuwa a gehen gona, ta bakin kwazazzabo. Na ƙidaya da ƙafata, taku ɗari uku kaɗai ta ƙara. Allah ma ya taimake ni: bakin tsohuwar hanyar na iske duwatsu, ɗaya nan ɗaya can, awa wani ya tanadar mini. Amalanke biyu na kwasa. Na cike jerina da su, Tanimu magini kuma ya zaɓi na zaɓe don gindin sabon rumbu, tunda tsohon ya tsage.

Taubashina Hama, ɗan gwaggona, wanda tun da idonsa ya tahi bakinsa ya ƙaru, ya aiko matarsa Saudatu wai a gaya mini hanyar ta girmi gonar. Na ce ta gaya mishi shi ma ya girme ni, amma ban ga abin da ya hi ni ba sai hurhura.

Ga buƙata. Akwai masu rubuta iyakar gonaki a meri, ohishin ƙaramar hukuma. Ina so ki yi mini takarda da Faransanci ki ce gonar tawa ce daga kwazazzabo har gindin gawo, kuma babu hanya cikinta. Nawa Faransancin ya tsaya aji huɗu, ranar da Mushe, malaminmu, ya iske ƙadangare cikin aljihun teburinsa. Ba zan yi wagga magana ta salula ba. Ke sai kin hau tudu kike samun rezo layi shi shiga, ni kuma sai na tsaya rumfar mai sharjin salula, inda ko tari ka yi gari ya ji. Ki ba Manzo shofer, mai motar haya, amsa in ya juyo.

Ubanki mai kwana rub da ciki,
Rabo


Damargu
15 ga Afrilu

Baba,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso ni lafiya, na ji daɗin jin kowa lafiya. A gaida Gwaggo da kyau. Ni ma ƙalau nake, sai zafi da aiki, makon nan haihuwa tara muka karɓa, biyu tagwaye.

Allah ya ƙara sauƙi. Na yi ƙoƙari kada in yi dariya, ban iya ba, har mai naƙuda ta tambaye ni ko lafiya. Don Allah ka riƙa wanke wurin da ruwan ɗumi da gishiri, kuma ka je asibiti a yi maka allura, kada ka tsaya ga Isaka da tokarsa.

Gonar taka ce, Baba, babu mai musu. Na ga tafin hannunka shekarar da ka fara fasa ta. Ga takardar Faransancin na rubuta kamar yadda ka ce, don ban taɓa ƙin aikenka ba.

Ɗiyarka,
Hindatu

(A bayan takardar)

Baba, na riga na sa hannu, amma zuciyata ta ƙi. Takarda ta ƙare mini, sai na juya.

Duwatsun da ka kwashe ba Allah ne ya watsa su can ba. Ni da Inna muka jera su, shekarar da kake Abijan wurin biɗa, ina da shekara goma sha ɗaya. A damanar ce idon Baffa Hama ya ƙarasa mutuwa. Ya yi kwana arba'in a bukka bai leƙo waje ba. Inna ta ce mutumin da ya kai shanu har Azawak da ƙafarsa ba zai mutu a zaune ba. Duk ranar da muka je itace sai mu sauko da dutse ɗaya ko biyu a kan gammo. Shi yana tafe da sanda, duk inda ya ce nan yake shakka, nan muke ajiyewa. Guda arba'in da ɗaya ne, a hannun dama in ana zuwa gari. Su sandarsa ke taɓawa.

Inna ta sa mu alkawari kada kowa ya sani, don a riƙa cewa Hama shi kaɗai yake zuwa gari. Ta rasu ba ta faɗa maka ba, ni ma ban so in faɗa ba.

Abu ɗaya nake roƙo. Kada ka kai takardar nan meri sai ka ɗaure idonka da rawani ka bi sabuwar hanyarka daga gari zuwa ruga. In ka isa, ka kai.


Tungar Aduwa
9 ga Mayu

Uwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lahiya. Na fara zama, amma da ɓari guda, awa mai shirin tashi. Allurar kuma an yi, a wurin da ya rage.

Allah shi yi miki albarka! Ranar da Manzo ya kawo takardunki ko hura ban tsaya sha ba, na hau Kumandan, ido biyu wannan karon, sai meri. Sakatare ya karanta ya dube ni ya ce wa ya rubuta. Na ce jinina ne. Ya buga hatimi, ya ce za su zo su da mai gari da liman su ga gonar da idonsu ranar goma ga Yuni, in babu mai ja a rubuta.

Wasiƙar taki kuwa tana aljihuna. Kullum sai na hiddo ta a majalisa na karanta musu wurin da kinka ce, "Gonar taka ce, Baba, babu mai musu." Har Isaka ya haddace, in na buɗe baki shi ke ƙarasawa.

Rumbu ya bushe, mun kwashe hatsi duka mun zuba ciki. Ki zo ki gani, ya yi ƙugu awa matar sarki.

Baffanki Hama hushi shike da ni. Yau kwana hamsin bai tako gari ba. Gindin itacen bedin da shike zama shina tubkar igiya, awaki ne ke kwana wurin. Masallaci ma babu shi. Saudatu na kawo nono ta sabuwar hanya, kin ga ke nan hanyar na biyuwa, amma ta sayar ma kowa ta ƙetare ƙofarmu. Ni ko a jikina. Goro ma yanzu kwana shike a aljihuna, da can kahin azahar Bahillacen nan ya shinshino shi. Sai dai igiyar Kumandan ta tsinke, wadda na sawo a kasuwa kuma ta roba ce, tana ci mishi wuya. Majalisar ma ta yi sanyi, babu mai zagina yadda ya kamata. Bari dai a buga hatimin, in je in ɗauko shi da kunne.

Ubanki mai gona,
Rabo


Damargu
21 ga Mayu

Baba,

Ina gaisuwa. Ina fata jiki ya yi sauƙi.

Na karanta takardarka sau uku ina neman inda ka amsa mini, ban gani ba. Ko dai ba ka juya wasiƙata ba, ko ka juya ka karanta ka hau jaki duk da haka. Ina roƙon Allah na farkon ne. In na biyun ne, ban san abin da zan rubuta maka ba.

Baffa Hama ba fushi yake ba, Baba. Ba shi da hanya ne.

Ka juya takardar. Na hau tudu kwana biyu ina kiran mai sharji a nemo ka, layi bai shiga ba.

Hindatu


Tungar Aduwa
24 ga Yuni

Uwata,

Assalamu alaikum. Muna lahiya, ruwa ya sauka sau biyu, mun yi shibka. Ƴar gajeruwar takardarki sai shekaranjiya ta iso, motar Manzo ta yi kwana ashirin a garaji. Na farkon ne, Uwata. Ki kwantar da ranki, ubanki sakarai ne, ba azzalumi ba. A lakwal ɗinmu, makarantar boko, wanda ya yi rubutu bayan takarda bulala shike sha, ni kuma abin da anka koya mini da bulala shi kaɗai na riƙe.

Ga yadda na gano. Saura kwana uku mutanen meri su zo, na hiddo wasiƙar a majalisa awa kullum. Sai Isaka ya ce, "Rabo, kullum ɓangarenka kake karanta muna. Wanga da ke kallonmu fa, mi ya ce?" Ashe wata guda da rabi ina ɗaga ta, bayanta na duban mutane, babu mai boko cikinsu. Na juya da alfahari, na gyara murya, na fara da ƙarhi: "Baba, na riga na sa hannu, amma zuciyata ta ƙi." Idona ya riga bakina sauka layi na gaba, na ga sunan innarki. Na niƙe takardar na sa aljihu.

Sunka ce, "Ci gaba mana!"

Na ce, "Bayanin maganin mazaunai ne. Wanda ke so shi zo gida in shafa mishi."

Sunka yi ta dariya, na tashi. Bayan masallaci na zauna na karanta sauran. Ba zan gaya miki yadda na yi ba, ke dai kin san hancina in ya fara zuba.

Da rana ta take, kowa na cikin inuwa, na tahi bakin sabuwar hanya na naɗe huskata da rawani. Hanyar da na share da hannuna, Uwata. Taku talatin na farko na yi su da taƙama. Daga nan ƙasa ta zama iri ɗaya duka. Iska na tasowa daga kwazazzabo, in ji ta dama, in ji ta gaba. Na koma jan ƙafa, na koma rarrahe. Ban kai taku saba'in ba na ji ƙafata guda tana lilo babu ƙasa ƙarƙashinta. Na rungumi abin da hannuna ya samu, ashe aduwa ce. Ƙarin ƙaya shida, waɗannan ban kai ma Isaka ba.

Haka Saudatu ta iske ni, ta taso daga tallar nono. Na ji an tsaya kaina an daɗe. Sai ta ce, "Kwance rawanin, Rabo. Kai naka duhun ana kwance shi."

Muna tahiya ruga ta ba ni labari. Washegarin da na toshe hanyar, ya ɗauki sandarsa da hantsi awa kullum. Sanda ta nemi dutsen farko ba ta samu ba, ya ci gaba da ƙafa har ya shiga shingena. Ya komo ƙwaurinsa na jini, ya ce kada ta gaya ma kowa.

Na iske shi ƙofar bukka, ya rame, kaba na gabansa bai taɓa ba. Kahin in yi sallama ya ce, "Wa ke nan mai numfashi awa jaki?"

Na ce, "Ni ne."

Ya ce, "Kaɗo! An ce ashirin da bakwai ka samu. Ni tara. Ko a ƙayar ma sai da ka cuce ni."

Na ce, "Hama, don mi ba ka aiko ka gaya mini zancen duwatsu ba?"

Ya ce, "Yarinyar ce ta faɗa, ko? To in ce mi? In zo majalisa in ce matarka ce ta yi mini ido? Kulu ta ce kada in faɗi. Ta mutu ba ta sake ni ba."

Na ce to shi yi haƙuri, ni da kaina zan riƙa zuwa kullum in riƙe mishi sanda mu bi sabuwar. Nan ne ya tashi mini. Ya ce, "A ja ni awa ragon layya? Shekara goma sha huɗu ina shiga garinku ni kaɗai, yara na ba ni hanya. Waccan ƙafata ta koye ta tun ina da ido. Sabuwarka da mi zan koye ta?"

Na miƙa mishi goro. Ya shinshina ya ce ya kwana, amma ya ci.

Ranar goma sunka zo, mai gari da liman da sakatare da kayensa, rabin gari na biye. Sakatare ya karanta Faransancinki ya fassara, ya ce akwai mai ja? Saudatu na can baya, ta sunkuyar da kai. Babu wanda ya ja, don kowa ya haddace cewa babu mai musu. Sai na ɗaga hannu.

Mai gari ya ce, "Rabo, takardar taka ce fa."

Na ce, "Ranka shi daɗe, na sani. Amma akwai wanda ya girme ni hankali a gidana, shi ya ce akwai hanya. Ya kawo shaidu ashirin da bakwai, Isaka ya gan su ɗaya ɗaya. Ni ba ni jayayya da Kumandan."

Liman ya yi dariya har carbinsa ya faɗi. Sakatare ya ce a aikinsa bai taɓa ganin wanda ya kai ƙara ya kayar da kansa ba. Anka rubuta: gona ta Rabo ce, cikinta akwai hanyar ƙafa mai faɗin jaki da kayansa, ta mutane da dabbar da ake ja, har abada. Masu moto su zagaya ta sabuwar. Na ce kuma zan sa duwatsu bakin hanyar don a san iyakarta. Kowa ya ce madalla da tsari. Sunan innarki bai hito ba.

Na ɗauka an gama. Na janye ƙaya, na ɗebo duwatsu na zuba, na je na kira shi. Sandarsa ta taɓa na farko ya ce, "Ba shi ba ne."

Na ce, "Haba Hama, dutse ai dutse ne."

Ya ce, "Kai ma mutum ne, amma ba a taɓa tura ka gaba a masallaci ba."

Ashe kowane ya san shi, da amonsa da tsawonsa. Wani in an buga ya ce ƙwal, shi ne kusa da kalgo. Wani mai tsaga, daga shi sai gangare. Da su shike sanin inda ya kai. Yanzu aikinmu ke nan. Shina zaune bakin gona bisa buzunsa, ni ina warware jerin da na yi da hannuna, in ɗauko in kawo, shi buga shi shafa, shi ce a'a ko shi gaya mini wurinsa. Wanda na cire kuma sai na hau dutse na samo madadinsa kahin ruwa shi sake zuwa. Yau muna da talatin da huɗu. Bayana ya ce in gaishe ki.

Ubanki mai juya takarda,
Rabo


Damargu
6 ga Yuli

Baba,

Na gode wa Allah, na gode maka. Ka yafe mini kaifin waccan takardar. Na karanta taka a bakin rijiyar asibiti, ina dariya ina share ido, mata suna kallona. Ka gaida Baffa da Inna Saudatu. Ka riƙa durƙusawa in za ka ɗaga dutse, ba sunkuyo ba.

Akwai ɗaya da ba na so ya ɓace. Baƙi ne, mai faɗi kamar faifai, in an buga yana amo kamar ƙarfe. Wurinsa kwanar gindin gawo, inda hanya ta karya hagu. Wanda bai karya ba a nan, kwazazzabo zai nufa. Shi ne mafi nauyi, kuma shi muka kawo na ƙarshe. Na ce mu kama tare, Inna ta ce wuyana bai yi ƙwari ba. Sau huɗu tana sauke shi tana hutawa. Da ta ajiye ta zauna a kansa ta ce, "To, Hama, sauran naka ne."

Ka gaya mini in kun same shi.

Ɗiyarka,
Hindatu


Tungar Aduwa
25 ga Yuli

Uwata,

Gaisuwa mai yawa. Muna lahiya, hatsi ya kai gwiwa, mun gama noman farko. Takardarki ta iso, na karanta gaba, na juya baya, na ɗaga ta ga rana ko akwai wani abu a tsakiya.

Arba'in sun koma wurinsu. Na arba'in da ɗayan ma na same shi. Na gama gonar kaf ban gan shi ba, sai da na karanta kwatancenki na tuna da Tanimu. Na tahi bayan ɗaki na kwanta na leƙa ƙarƙashin sabon rumbu. Shina nan, baƙi, mai faɗi, a tsakiya, duk abincin gidanmu na zaune bisa kansa. Tanimu ya san dutse, ban ce bai sani ba.

Na kira shi. Ya ce in an taɓa shi yanzu rumbu ya tsage har wuya. Sai hatsi ya ƙare tas, a tokare da itace, a zare shi a sa wani. Na lissafa da gwaggonki, sai wajen kaka.

Na samo wani baƙi mai faɗi na kai gindin gawo. Hama ya buga sau ɗaya ya ture shi da ƙafa. Na ce shi yi ma Allah shi riƙe wanga na wata biyu. Ya ce, "Abin da ka ɗauka shi za ka maido. In babu, ka san yadda za ka yi da kwanar." Na san rabin maganar mugunta ce irin ta taubashi. Sauran rabin kuwa, tunda na ji sau huɗu tana sauke shi, ni ma ba ni son ganin wani a wurin.

To ga yadda na yi da kwanar. Kullum da hantsi ina tsaye gindin gawo, hannun dama in ana zuwa gari. In la'asar ta yi in riga shi komawa in sake tsayawa. Mutane sun ɗauka gadin wake nike, waken da ko hure bai yi ba, Isaka ya ce ƙayar ta taɓa mini kai. Tun daga nesa nike jin sandar na tahowa, ƙwal, ƙwas, ƙwal. In ya iso sai shi ɗaga ta shi sauke mini a ƙwauri. Ya san tsawon dutsen sarai, amma kullum sai ya ƙara kamu guda.

Jiya ya buga ya tsaya ya saurara. Ya ce, "Wanga dutse amonsa babu daɗi. Amma dai shina nan." Ya karya hagu ya wuce. An hana ni magana, an hana ni bin sa sai ya yi taku hamsin. Ina tsaye ina kallon bayansa har ya shiga gari shi kaɗai, yara na ba shi hanya. Da na iso bedi ya riga ya kori awaki, ya fara ma Kumandan igiya, shina gaya ma majalisa wai cikin gidanmu mai kunnuwan ne ya yi lakwal.

Gwaggonki na mamakin yadda nike neman ƙarin tuwo kwanakin nan. Tun da anka halicci manomi ban ji wanda ya ƙosa rumbunsa shi ƙare ba sai ni.

Dutse ɗaya ake bi na, Uwata, kuma har in biya ni ne jingina. In Manzo zai juyo, ki ba shi man shafawa, na ƙwauri. Na dama ne.

Ubanki, na arba'in da ɗaya,
Rabo